Warner na Fim da Warner na Waƙa: Gida Ɗaya Ne?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, ina ganin tambarin Warner Bros. a farkon finafinan Amurka, ina kuma ganin sunan Warner Records a ƙarƙashin waƙoƙi a YouTube. Kamfani ɗaya ne? In ɗaya ne, me ya kai masu shirya fim ga sana'ar faifan waƙa?"

Ɗan'uwa, a yau dai ba gida ɗaya ba ne. Sun raba gari tun 2004, kowa da masu shi. Amma tsatsonsu ɗaya, domin kamfanin fim ɗin ne ya kafa na waƙar a 1958. Sai dai in aka faro labarin daga 1958 ba za a gane shi ba, don kafin nan sun taɓa shiga kasuwar faifai sun fito da ƙyar.

'Yan'uwa 4 ne, Harry da Albert da Sam da Jack, suka yi wa kamfanin Warner Bros. rajista a 1923, lokacin da fim bai iya magana ba. Hoto na motsi a bango, wani makaɗi na gefe yana buga fiyano. Sauti ne ya fitar da su daga sahun ƙananan kamfanoni. A 1926 suka rungumi wata fasaha mai suna Vitaphone, wadda take ajiye sautin fim a kan faifan garmaho daban, wani ƙaton faifai mai faɗin inci 16 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti. Mai haska fim zai ɗora allura daidai kan alamar da aka yi wa faifan, ya saita zaren fim a kan hoton farko, ya tayar da su tare. Kowane naɗin fim da nasa faifan. In allura ta yi tsalle, ko zaren ya tsinke aka haɗe shi da ragin hoto biyu ko uku, shi ke nan an shiga uku: bakin jarumi na motsi, maganarsa na tafe a baya, 'yan kallo na ihu. A kan wannan tsari aka fitar da The Jazz Singer a Oktoban 1927, fim ɗin da Al Jolson ya rera waƙa a ciki, ya kuma sauya sana'ar gaba ɗaya.

Da fim ya fara waƙa, sai biyan masu waƙoƙi ya zama babban kashin kuɗi. A nan ya kamata ka riƙe wani abu, don duk labarin a kansa yake tafiya. Kowace waƙa da ka ji a faifai haƙƙin mallaka biyu ne a kanta. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitocinta da karinta, wanda ke hannun marubuci da kamfanin da ke kula masa da ita. Akwai kuma haƙƙin ɗaukar da aka yi a sutudiyo, wato masta, wanda galibi ke hannun kamfanin da ya biya kuɗin ɗaukar. Warner sun fara da na farkon. A 1929 suka saye tsofaffin kamfanonin buga waƙoƙi na New York, irin su Witmark da Remick da Harms, suka mallaki rumbun waƙoƙin da har yau ake cin moriyarsa. Wannan ciniki ya yi albarka.

Na biyun ne ya ƙone su. A 1930 suka sayi kamfanin faifai na Brunswick da miliyoyin daloli, da tunanin za su riƙa buga faifan Vitaphone da kansu, su kuma sayar da muryoyin taurarinsu. Lokacin kuwa bai yi musu daɗi ba ta kowace fuska. Tattalin arzikin Amurka ya riga ya karye tun ƙarshen 1929, rediyo na ba mutane kiɗa kyauta, cinikin faifai a ƙasar ya faɗo daga sama da miliyan 100 a 1927 zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. Ga shi kuma an koma ɗora sauti a jikin zaren fim ɗin kansa, faifan Vitaphone ya zama tarihi. Kafin ƙarshen 1931 sun ba da hayar Brunswick ga wani kamfani, a 1941 suka sayar wa Decca. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara fiye da 25 ba wanda ya ƙara kawo musu zancen kamfanin faifai suka saurara.

Abin da ya sauya lissafi a shekarun 1950 matsi ne da ya taso wa Hollywood baki ɗaya. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen silimarsu. Talabijin ta shiga gidaje, masu zuwa silima suka ragu ƙwarai. A daidai wannan lokaci cinikin faifai yana hawa, matasa na sayen ƙananan faifai, manya na sayen manyan kundaye, ciki har da na waƙoƙin finafinai. MGM tun 1946 suke da nasu kamfanin. Disney sun ga yadda waƙar shirinsu na Davy Crockett ta zama ta ɗaya a 1955 a faifan wani kamfani, suka buɗe Disneyland Records a 1956. Paramount suka sayi Dot a 1957, United Artists suka buɗe nasu a shekarar, 20th Century Fox da Columbia Pictures suka biyo baya a 1958. Ka lura, Colpix ne sunan na Columbia Pictures. Shahararren Columbia Records ɗin nan ba nasu ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya, sai can a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Sony ya haɗa su a hannu guda.

Warner su ne masu jan ƙafa, har sai da abin ya taɓa su a jiki. Suna da wani matashin jarumi, Tab Hunter, wanda 'yan mata ke rububinsa, kuma su suka kashe kuɗi suka gina sunansa. Kamfanin Dot ya ja shi sutudiyo ya rera waƙar "Young Love", ta yi mako 6 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard a farkon 1957. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani ƙarin takaicin, a shekarar ne Dot ya koma hannun Paramount, abokan hamayya. Jack Warner ya ɗauko yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Hunter ya hana Dot fitar da kundin da ya biyo baya. Aka fara neman sayen kamfanin Imperial, ciniki bai faɗa ba, sai a Maris ɗin 1958 aka kafa Warner Bros. Records. Ana yawan ba da labarin kamar don Hunter kaɗai aka kafa shi. Ni a ganina shi dai ya ƙarasa tura abin da kasuwa ta riga ta karkato. Shi kuwa bai ƙara yin wata waƙa da ta kama ƙafar ta farkon ba.

Ofishinsu na farko a saman wani ɗakin injuna yake, a harabar sutudiyon fim da ke Burbank a jihar Kalifoniya, kuma wannan ya ishe ka sanin matsayin da aka ba su a gidan. Aka ɗauko Jim Conkling, tsohon shugaban Columbia Records, mutumin da ya san sana'ar amma kunnensa na manya ne, ba ruwansa da kiɗan matasa da ke tashe. Tunanin masu gidan shi ne: muna da fuskokin da duniya ta sani, sai mu sa su gaban makirfo. Haka aka yi ta fitar da kaɗe-kaɗen shirye-shiryen talabijin da kundayen 'yan wasa. Har Jack Webb, wanda aka sani da fitowa a ɗan sanda mai ɗaure fuska, an yi masa kundi yana karanta baitocin soyayya a kan kiɗa, ba tare da ya rera ba. An ɗan dace a 1959 da wata waƙar barkwanci ta Edd Byrnes, matashin shirin 77 Sunset Strip da kullum yake taje kai, tare da Connie Stevens. Amma irin wannan waƙa ta kaka ɗaya ce. Mutum zai iya son fuskar jarumi har ya manna hotonsa a ɗaki, wannan bai sa ya saurari muryarsa sau biyu. Kafin a je ko'ina asara ta kai kimanin dala miliyan 3, aka fara maganar rufe wurin.

Abubuwa biyu suka cece su a 1960, kuma babu ɗan fim a cikinsu. Na farko, sun janyo mawaƙan nan 'yan'uwa biyu, Everly Brothers, daga kamfanin Cadence, da yarjejeniyar da aka yi ta yayata cewa ta kai dala miliyan 1. Waƙarsu ta farko a sabon gida, "Cathy's Clown", ta zama ta ɗaya a Amurka da Ingila. Na biyun ya fi ban mamaki. Wani akanta ne a Chicago mai suna Bob Newhart, wanda ke barkwanci da salon waya: zai yi kamar yana magana da wani a tarho, kai kana jin ɓangarensa kaɗai, yana inda-inda yana amsa tambayoyin da ba ka ji ba, dariyar tana cikin abin da kake hasashen an faɗa masa. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya kai wa mutanen Warner barkwancinsa da aka naɗa. Suka ce za su ɗauke shi a gaban 'yan kallo, ashe mutumin bai taɓa tsayawa a dandalin gidan rawa ba. Da ƙyar aka samo wani kulob a Houston da ya yarda ya ba shi fili. Kundin da aka ɗauka a can ya hau na ɗaya, ya kuma ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1961.

Daga nan ƙafa ta tsaya. Mike Maitland ya gaji Conkling a 1961. A 1962 aka ɗauki mawaƙa uku, Peter, Paul and Mary, kuma a kansu za ka ga amfanin haƙƙin nan biyu da na ce ka riƙe. A 1963 suka rera "Blowin' in the Wind" ta Bob Dylan. Shi Dylan faifansa a Columbia yake fita, amma waƙoƙinsa a lokacin suna hannun Witmark, wanda Warner suka saya tun 1929. Ke nan kowane faifai da aka sayar, Warner sun ci ta wajen masta, sun kuma ci ta wajen waƙar.

Cinikin da ya fi kowanne tasiri an yi shi ne a 1963, kuma don fim aka yi shi. Frank Sinatra ya kafa nasa kamfanin, Reprise, a 1960, ya tara abokansa irin su Dean Martin da Sammy Davis Jr., amma kamfanin na cin kuɗi. Jack Warner na son Sinatra ya riƙa fitowa a finafinansa, sai ya saye Reprise, ya ba shi sulusin haɗaɗɗen kamfanin waƙar. A cikin ma'aikatan da suka biyo kayan akwai wani mai suna Mo Ostin, wanda ya faro daga kula da lissafin kuɗi a kamfanin Verve. Ba mawaƙi ba ne, ba makaɗi ba, amma shi ya zama ginshiƙin gidan har tsawon shekara 30. Sinatra ya tsani kiɗan matasa, Ostin kuwa ya lallaɓa ya shigo da shi: ya karɓo The Kinks daga Ingila a 1964, ya ɗauki Jimi Hendrix a 1967, sannan Joni Mitchell da Neil Young. A 1967 ɗin ne kuma Reprise ya fitar da "Pata Pata" ta Miriam Makeba 'yar Afirka ta Kudu. A ɗaya ɓangaren Joe Smith, tsohon ɗan rediyo, ya ɗauko Grateful Dead daga San Francisco, waɗanda suka yi ta tara bashin sutudiyo kafin su fara kawo riba a 1970.

In ka tambaye ni abin da ya bambanta Warner da sauran kamfanonin waƙa na masu fim, haƙuri ne da kuma sakin mara. Ostin da abokin aikinsa Lenny Waronker sun yi suna wajen barin mawaƙi ya yi abin da yake ji, ko da kundinsa na farko da na biyu ba su yi kasuwa ba. Lissafinsu shi ne mawaƙin kirki yana janyo 'yan'uwansa, kuma kundi mai kyau yana sayuwa shekara da shekaru. Dubi Fleetwood Mac. Shekaru suka yi a gidan suna sauya mutane, cinikinsu na tsaka-tsaki, ba a kore su ba. A 1977 suka fitar da Rumours, wanda ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Ma'aikacin da ke jiran umarni daga ofishin fim ba zai iya wannan jira ba, don shi fim a makonninsa na farko ake gane ko ya ci ko ya faɗi, kuma da wannan ido masu fim ke kallon komai.

Ana cikin haka masu gidan suka sauya har sau biyu. A Nuwamban 1966 Jack Warner ya sayar da hannun jarinsa ga kamfanin fim na Seven Arts a kan dala miliyan 32. Su kuma a 1967 suka sayi Atlantic Records na Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, gidan Aretha Franklin, a kan dala miliyan 17.5, farashin da kowa ya yarda daga baya cewa araha ce. A 1969 kamfanin Kinney na Steve Ross ya haɗiye su duka. Kinney kuwa sana'arsu shirya jana'iza ce da wuraren ajiye motoci da share ofisoshi. A lokacin ɓangaren fim na tangal-tangal, waƙa ce ke riƙe da gidan. Ross ya ƙara da Elektra a 1970 da Asylum a 1972, ya bar kowane shugaba da nasa kamfanin, suna gasa da juna wajen farautar mawaƙa. Abu ɗaya ya haɗa su a kai, wato rarraba kaya. Kafin nan sai ta hannun dillalai masu zaman kansu faifai ke isa kanti, su kuwa suna jinkirin biya, kuma kayan wanda ya fi matsa musu suke turawa. A 1971 aka kafa WEA, daga haruffan farko na Warner da Elektra da Atlantic, da rumbunansa da 'yan tallansa a manyan birane. Ba a cika ba wannan ɓangare muhimmanci in ana ba da labari ba, don babu tauraro a ciki, amma shi ya mayar da su manya.

Mafarkin da aka kafa kamfanin dominsa, wato fim ya tallata faifai, faifai ya tallata fim, bai cika sosai ba sai bayan shekara 26, kuma daga ɓangaren waƙa ya taso. A 1977 suka ɗauki wani yaro ɗan Minneapolis mai suna Prince, bai kai shekara 20 ba, suka yarda ya shirya kundinsa da kansa. Daga baya ya dage sai ya yi fim, mutanen fim na gidan suna ɗari-ɗari. Purple Rain ya fito a 1984, fim ɗin ya ninka kuɗin da aka kashe masa sau da yawa, kundin ya yi mako 24 yana na ɗaya, ya kuma ci Oscar a fannin kiɗa. An maimaita dabarar a 1989 da ya yi wa fim ɗin Batman waƙoƙi.

Prince ɗin ne kuma ya tona asirin inda sana'ar ke ciwo. Yana so ya riƙa fitar da kundaye a kai a kai, kamfani na cewa kasuwa za ta gundura. Babbar rigimar kuwa masta ce: shi ya rubuta, shi ya kaɗa, shi ya rera, amma ɗaukar ta kamfani ce. A 1993 ya ajiye sunansa ya koma amfani da wata alama da ba ta furtuwa, ya riƙa fitowa da kalmar bawa a rubuce a kumatunsa. Ya bar su a 1996, sai a 2014 aka sasanta aka mayar masa da mastocinsa. Kamfanin da ake yabo da mutunta mawaƙa ke nan, don haka ka auna yadda sauran suke.

Girman gida ma ya zo da nasa nauyin. Bayan haɗewa da kamfanin Time a 1990, aka samu Time Warner, mai mujallu da tashoshin talabijin da masu hannun jari da ke tsoron surutu. A 1992 ƙungiyoyin 'yan sanda suka taso su a gaba kan wata waƙar Ice-T, aka cire ta daga kundin, ba da daɗewa ba suka rabu da shi. Ross ya rasu a ƙarshen shekarar, sabbin shugabanni suka fara sa wa masu waƙa ido, Ostin ya tafi a ƙarshen 1994. Inda ya koma kuwa shi ne DreamWorks Records, wani sabon kamfanin waƙa na masu fim. Sai intanet ta iso, aka fara kwasar waƙa kyauta tun daga manhajar Napster a 1999, cinikin CD ya kama gangara, ga bashin da haɗewa da kamfanin intanet na AOL ya jibga wa gidan. A 2004 Time Warner ya sayar da ɓangaren waƙa gaba ɗaya ga Edgar Bronfman Jr. da abokan jarinsa a kan dala biliyan 2.6. A 2011 kamfanin Access Industries na Len Blavatnik ya saye shi a kan dala biliyan 3.3. An ba su aron sunan Warner Bros. da tambarin garkuwa na shekara 15, da wa'adin ya cika a 2019 suka koma Warner Records, suka sauya tambari, suka kuma tashi daga Burbank zuwa cikin birnin Los Angeles.

Sauran takwarorinsa ba su kai haka ba. MGM Records ya koma hannun PolyGram a 1972, Dot ya koma ABC a 1974, na United Artists ya shiga EMI a 1979, na Fox ya bi PolyGram a 1981. Disney ne suka riƙe nasu har yau, domin su waƙar a cikin fim ɗin take zaune, kuma kowace shekara ana haifar sabbin yaran da za su saurara. Shi kansa kamfanin fim na Warner Bros. bai zauna haka ba, yana da ƙaramin kamfani mai suna WaterTower Music tun 2010, wanda aka raɗa wa sunan tankin ruwan da ke harabar Burbank, kuma aikinsa fitar da kaɗe-kaɗen finafinai da shirye-shiryen gidan.

Warner Records da kake gani a YouTube reshe ne na Warner Music Group, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa 3 na duniya, tare da Universal da Sony. Ta wani reshen nasu, Atlantic, waƙoƙin Burna Boy ke fita a ƙasashen waje. A 2019 kuma suka ƙulla yarjejeniya da Chocolate City na Nijeriya, kamfanin da ya fito da M.I da Ice Prince, 'yan Jos, kuma ta wannan hanya ce waƙar CKay ta zagaye duniya a 2021.